Taswirar Doyar Yangoji

Sati uku ya rage Monica Kure ta yi ritaya, kuma abu ɗaya take so ta bari a bayanta: a ce mujallar cibiyarsu ta binciken noma, tun daga fitowar farko, ta shiga kwamfuta kaf, ko shafi ɗaya bai salwanta ba. Shekara talatin da ɗaya tana tsaron laburaren nan. Gwiwoyinta sun gaji da hawa mota kullum daga gidanta na Kubwa, idanunta sun gaji da ƙananan rubutu, ita kanta ta gaji da jin Darakta yana mitar a kwashe mujallu a ba shi ɗakin, sai ka ce takardun ne suka hana cibiyar ci gaba.

Aikin ba wuya, sai cin rai. Dominic, abokin aikinta, zai datse gindin kundi da wuƙar inji, ya zuba shafukan a bakin na'urar ɗaukar hoto, na'urar kuma ta zuƙe su ɗaya bayan ɗaya. Monica na gaban kwamfuta tana bin lambar shafi daga fari har ƙarshe. In lamba ta cika, ta sa hannu. Farar takardar da ba rubutu kuwa, ita ta ce a riƙa gogewa, kada fayil ya yi nauyin banza. Kundin da ta sa wa hannu ya gama yawo: a ɗaure shi da igiya, mai kwasar tsofaffin takardu ya zo da a-kori-kura ya tafi da shi. Tsarin nata ne, tana kuma ji da shi, don Monica irin matan nan ce da ko cokulan gidanta ta san adadinsu.

Ran Talata da hantsi wani dattijo ya shigo, takalminsa duk jar ƙasa.

"Madam, sannu da aiki. Sunana Yamusa, daga Yangoji. Wani takarda nake nema."

Ya miƙa mata 'yar guntuwar takarda da ta yi laushi don tsufa: kundi na biyar, 1978, shafi na 112. Ya ce mahaifinsa ne ya zaga da wani mai bincike gonakin yankinsu damina biyu, yana nuna masa ire-iren doya.

"Doyan da muke shukawa yanzu, kafin wata uku ya ruɓe," in ji shi. "Akwai wani iri na tsofaffi da ba ya ruɓewa. Sunan ya ɓace mana, wurin da yake ma ba mu sani ba. Amma yana cikin map ɗin da mai binciken ya zana, wato taswira. Ni da idona na gan shi ina yaro, dogo haka."

Rabon da Monica ta ji daɗin aikinta irin na ranar har ta manta. Ta jawo masa kujera.

"Baba, ka zo a daidai. Da a bara ne, sai mun sha ƙura kafin mu samo."

Minti ɗaya bai cika ba, ga maƙalar. Ta riƙa karantawa tana fassara masa. Da ta zo kan sunan mahaifinsa a wurin godiya, dattijon ya cire hula ya riƙe a hannu. A ƙasan shafi na 118 aka rubuta cewa sunayen iri goma sha tara da wuraren da ake samunsu suna cikin taswirar da ke naɗe a bayan wannan shafi.

Ta matsa gaba: 119. Ta dawo: 118. Ta sake matsawa.

Ba sai an gaya mata ba. Ta san irin taswirorin nan, ta sha buɗe wa ɗalibai su a kan teburin nan: doguwar takarda mai ninki uku, zane a ciki, bayanta fari fat, kuma ba a taɓa sa musu lambar shafi ba. Na'ura ta zuƙe ta a ninke, ta ɗauki farin bayan. Fari kuwa, Monica ta ce a goge. Lamba ta cika, ta sa hannu.

"Dominic," ta kira, muryarta ƙasa-ƙasa. "Kundi na biyar fa?"

"Ai ya tafi tun last month, Madam. Oga mai mota ya ce wurin masu yin kiret na ƙwai yake kaiwa."

Wani kwafin fa? Ita da hannunta ta rubuta wa Darakta cewa duk inda ta bincika, nasu ne kaɗai cikakken jerin da ya rage. Dalilin ke nan ma da aka yarda da aikin.

Ƙarya ta zo mata har bakin leɓe. Tana iya cewa matsalar kwamfuta ce, ya dawo wata mai zuwa, lokacin tana Kubwa tana hutawa, wani ya ji da shi. Kunya ta kama ta, gajiyar shekara talatin da ɗaya ta sauko mata a kafaɗa gaba ɗaya. Ta juyo ta dube shi.

"Baba, taswirar babu. Ba ɓata ta yi ba, ni na sa aka goge, ban sani ba. Takardar ma ta tafi."

Yamusa ya daɗe yana kallon sunan mahaifinsa a kwamfutar. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi, da ta fi samun sauƙi.

"Mun tambaye shi, kin sani," ya ce a hankali. "Da ya tsufa, muka ce Baba, ka zaga da mu mu ma. Ya ce ƙafansa ya gaji, kada mu damu, ya riga ya ba masu takarda. Ya ce su ba sa mantuwa."

Ya mai da hularsa, ya yi mata godiya, ya fita neman motar Kwali. 'Yar guntuwar takardar ya bar ta a kan tebur.

A bayanta Dominic ya riga ya jera wani kundin a ƙarƙashin wuƙa. Kundi goma sha ɗaya suka rage a kan kanta, cikin ɗari da wani abu.

"Dakata," in ji Monica.

Ta karɓi kundin, ta zauna, ta lashi yatsa, ta fara buɗawa daga shafin farko, tana neman takarda mai ninki.