Ranar da Aka Rufe Layin Maigidana

Ina shanya kayan yara Dogo ya shigo gidanmu na bariki ko sallama babu. Abokin aikin maigidana ne a sashen sadarwa na soja. Kullum da tsokana yake shigowa, “Matarmu, yau ma kin ƙona miyar?” Ranar ko murmushi bai yi ba.

“Sa mayafinki, Oga na kiranki.”

“Ya mutu ne?”

“Ba mu sani ba. Taho dai.”

Ban taɓa shiga ɗakin aikinsu ba sai ranar. Sanyi kamar cikin firji, wayoyi sun bi bango, injuna na ƙyafta ƙananan fitilu. Oga ya ba ni kujera. Ya ce an kai hari tashar da maigidana yake a daji, ta yi shiru tun safe, yanzu kuma wani yana magana daga can. Ya ɗora mini abin saurare a kunne, ya ce in ji ko muryar maigidana ce.

“A buɗe mana hanya, muna lafiya. A buɗe mana.”

“Shi ne!” na ce. “Wallahi shi ne, Oga! Ku buɗe masa mana!”

Dogo ya durƙusa gabana yana yi mini bayani a hankali, yadda ake yi wa yaro. Ba mutum ɗaya ke riƙe da layin ba, in ji shi. Tashoshi ne da yawa, kowace na tsaron 'yar'uwarta. Wadda ta ɓace ta dawo, sai ta faɗi kalmar sirri ta ranar kafin a karɓe ta.

“To ya manta ne. Mutumin da ke manta hularsa a masallaci?”

“Hula daban, Maman yara. Shi ya koya mini aikin nan. An tambaye shi, an sake tambaya, yana tsallake kalmar. Da gangan yake yi. Akwai bindiga a kansa.”

“In kun buɗe fa?”

“Waɗanda suka kama shi za su ji inda kowace rundunarmu take kwance.”

“In kun rufe?”

Ya sunkuyar da kai. Na gane. Waɗanda suka kama shi ba su da sauran amfani da shi ke nan.

Ƙa'idarsu, tasha ɗaya ba ta isa ta yanke wata ita kaɗai ba, ko da Oga ne ya ce. Sai uku sun yarda. Biyu sun riga sun sa hannu daga nesa. Saura tamu, mabuɗinta kuwa yana wuyan Dogo.

Na riƙe rigarsa. Na roƙe shi da Allah, na roƙe shi da 'ya'yana. Muryar tana ta fita, “A buɗe mana,” ba gaggawa, ba rawar murya, kamar mai karanta abin da aka ba shi. Shi da ko kiran yara cin abinci sai maƙwabta sun ji. A nan hannuna ya saki rigar.

Dogo ya zura mabuɗin ya murɗa. Muryar ta yanke a tsakiyar magana.

Bayan kwanaki aka kawo gawar maigidana. Aka ce rundunonin nan duk sun koma gida lafiya.

Yanzu ina da ɗan teburin sabulu da ashana a bakin ƙofar bariki. Dogo ba ya iya haɗa ido da ni, sai ya tsallaka titi ya bi ta ɗaya gefen. Kullum da safe ni nake ɗaga murya in fara gaishe shi.