Jan Maballi Lokacin La'asar

Da hannu muke haɗa fankoki a masana'antar nan ta bayan Madina, har ranar da aka kawo robot, wani dogon hannun ƙarfe da kwamfuta ke juyawa. Aka sallami abokan aikina, aka bar ni ina zuba masa notuna kamar mai ba doki harawa.

Ana kiran La'asar na cire safar hannu. Sa'id, mai kula da layin, ya sha gabana. A Sih, unguwarmu ta Hausawa, aka haifi yaron nan, na ci tuwon sunansa, amma tun da ya samu muƙami Larabci kawai yake yi mini.

"Mamnu', ya Bakri," ya ce. Wai an hana, injin ba ya tsayawa, in yi sallata daga baya.

"A garin Manzo kake gaya mini haka?"

Ya ɗaga kafaɗa, ya nuna mini allon kwamfuta.

Na dubi ƙarfen yana ta ɗaure fankoki. Ba ya gumi, ba ya alwala, ya raba magidanta da abincinsu, yanzu kuma sallata yake so. Na kai wa jan maballin da ke tsayar da shi duka. Hannun ya sandare a sama, ƙararrawa ta cika wurin.

Sa'id ya kama rigata. "Baffa, don Allah! Korata za a yi!"

Da Hausa tsantsa.

"Ashe ka iya," na ce, na fizge rigata. "To gaya wa ubangidanka na ƙarfe ya jira ni in idar."