Tsinken da Ke Cikin Littafi na Uku

Littattafai uku maigidana ya karanta mini a shekarar da ta wuce, amma na ukun bai kai ƙarshensa ba.

Sunansa Ɗanmalam, kabu-kabu yake yi da babur tsakanin Gazawa da bakin iyaka. A danginsa shi kaɗai ne Kirista. Can tsallake yake samo littattafan labari na masu bi, da Hausa. Ni aji biyu na yi a lakol, makarantar boko, karatuna sai da yatsa, kafin in kai ƙarshen layi na manta farkonsa. Don haka ran Lahadi, in mun dawo majami'a, sai ya shimfiɗa tabarma a gindin itacen bedi ya karanta, ni ina ɓarar gujiya.

Na farko labarin ɓarawon shanu ne da ya tuba. Wa'azinsa ya yi yawa, har gyangyaɗi na yi. Na biyu wasu 'yan'uwa mata ne da gona ta raba, suka yafe wa juna da tsufa. Na ukun shi na fi so: wani mai bishara ne da ke yawon ƙauyuka a keke, matarsa na riƙe da gida. Muna tsaka da shi mutumin ya kwanta ciwo. Nan Ɗanmalam ya sa tsinken tsintsiya ya rufe.

Lahadin da ta biyo na ce, "Baban Saliha, ya warke ko?"

Ya ce, "Idona ke yaji yau."

Wata Lahadin ya ce rana ta yi. Lokacin shi ma ya fara ramewa, tari ya ƙi sakinsa. Muka je likita a Maradi, muka dawo. Ana roron wake ya rasu.

Fasto ya ce takaba ba dole ba ce a kaina, amma surukata ta roƙa, na zauna. Ran arba'in dangi suka zo daga Gangara rabon kayansa. Sai na ga ƙanensa Abdulƙadir, abokin wasana, ya ware littattafan gefe, ya ciro ashana daga aljihu.

Na ce, "Kai, mai kan tulu, me za ka yi?"

Ya ce, "Matarmu, akwai sunan Allah a ciki. Ke ba karatu ba. In aka bar su gara ta ci, ko akuya, ko a ƙulla ƙosai da su. Ƙonawa ta fi mutunci."

Ba da mugunta ya faɗa ba, haka su Musulmi suke yi da takardunsu. Na fizge na ukun na rungume. Na ce, "Ban san ko mutumin ya tashi ba." Kuka ya ƙwace mini, wanda ban yi ba tun ranar jana'iza.

Abdulƙadir ya cire takalmi, ya zauna bakin tabarma, ya miƙo hannu. A Katsina ya yi makaranta, karatunsa ba gargada. Ya buɗe inda tsinken yake. Da ya zo kan sunan Yesu bai tsallake ba.

Mutumin bai tashi ba. Matar ta binne shi, ta jingine kekensa a zaure, damina ta zo ta fita shuka ita kaɗai.

Yana cikin juya shafi ya dakata. Ya ce, "Talatu, duba nan."

Shatin babban yatsa ne na baƙin man babur a gefen takardar. Ya juya, ga wani. Ya juya, ga wani, har shafin ƙarshe. Ashe Ɗanmalam ya riga ya karance shi shi kaɗai, wataƙila a tasha yana jiran fasinja. Ya san abin da ke gaba, bakinsa ne ya kasa faɗa mini.

Abdulƙadir ya ƙarasa karatun. Ya mayar da ashanar aljihu, ya ce in ina son na biyun ma zai dawo ran kasuwa ya karanta mini.

Na karɓi littafin, na mayar da tsinken inda maigidana ya bar shi.