Giyar Injin Yankan Ciyawa

Injin yankan ciyawar gidan Alhaji Datti da ke unguwar Kado ya koyi halin ma'aikatan ofishin mai gidansa: ƙara kamar zai tashi sama, amma ko taku ɗaya ba ya yi. Ebenezer mai kula da lambu ya kwance akwatin da ke juya tayoyi, ya tarar haƙoran giyar sun cinye. Ga shi Hajiya, matar Alhaji, ta riga ta ce idan ciyawa ta sake yin tsawo sai ya bar mata aikinta da ɗakin bayan gida. A ɗakin nan kuwa matarsa Miriam ke jego.

Ya sami Alhaji a gindin mangwaro. "Oga, zan je Mararaba sayo giya."

To, Hausar Ebenezer ta kasuwa ce. Giyar inji da giyar kwalba duk murya ɗaya yake ba su, shi da ko burkutu bai taɓa ɗanɗanawa ba.

Alhaji ya waiga hagu da dama, ya sassauta murya. "Ashe kai ma? Ka san wurin mai kyau?"

"Orijinal, oga. Babu wahala."

"Sayo biyu. A baƙar leda. Kada Hajiya ta gani."

Daɗi ya kama Ebenezer. A ransa ya ce, ga mutum mai hangen nesa, har da ta ajiya.

Da la'asar ya dawo, ya ɗaura ɗaya a injin, ya shafa giris, ya ja igiya. Inji ya zabura yana tafiya da kansa. Sannan ya lallaɓa ta bayan kicin, ya miƙa wa Alhaji ledar da hannu biyu.

Alhaji ya leƙa ciki. Ƙarfe ne mai haƙora, sai warin mai. Ya daɗe yana kallon Ebenezer, Ebenezer kuwa sai murmushi yake.

"Kada ka damu, oga. Ba zan gaya wa Hajiya ba."

Wannan alkawarin ne ya kashe Ebenezer, don Alhaji ya ga asirinsa na hannun mai lambu. Washegari ciyawa ta yi lumus, Hajiya na tsaye a kanta ta ce Ebenezer ya tattara kayansa.

"Me na yi, Hajiya?"

"Alhaji ya ce da bakinka ka gaya masa kana sayen giya. Ka san halinsa, ko sunanta ba ya son ji a gidan nan."