Inshorar da Yaya Ya Samo Min

Da na yi ritaya daga koyarwa, na kwashe kuɗin sallamata na sayi 'yar ƙaramar mota, ta hannu ce amma lafiyarta ƙalau. Ofisoshin inshora uku na shiga cikin sati guda. A na ukun ne wata ma'aikaciya ta zaunar da ni, ta zana min motoci biyu a bayan ambulan ɗin wasiƙa.

"Baba, inshora mai arhar nan motar wanda ka buga kaɗai take gyarawa. Mai tsadar ce take ɗaukar har da taka."

Na ce zan yi shawara. Shawarar ce ta kai ni gidan yayan matata, mutumin da ko fanka ba a saye a dangi sai an ji ta bakinsa.

"Malam, kai da ka koyar da lissafi za a yi wa wayo? Ina da mutum. Mai tsadar zai yi maka a rabin kuɗi."

Na ba shi. Bayan kwana biyu ya kawo takarda cikin leda, da hatimi da komai. Na jefa ta aljihun mota ban ko buɗe ba.

Wata biyar da yin haka, birki ya ƙi min a mahaɗar kasuwa, na daki bayan motar burodi. Ba wanda ya ji ciwo, amma gaban motata ya lotse kamar gwangwani.

A kamfanin inshorar, mutumin da ke kan kwamfuta ya buga lambar takardar, ya juyo min da fuskarta.

"Takardar tamu ce, Baba. Sai dai mai arhar ce. Mai burodi za mu gyara wa."

Daga bakin ƙofar na kira Yaya.

"To kai ba ka karanta ba? Ni fa taimako na yi."

Na tambaye shi ina mutumin nasa. Ya ce ya yi tafiya.

A gida matata ta ajiye min abinci, idonta a ƙasa. "Don Allah ka bar maganar nan. Kada ƙarfe ya raba ni da ɗan'uwana."

Na bar maganar. Motar ta yi wata uku a garejin bakanike, tayoyi suka sace, kaji suka fara kwana a ƙarƙashinta. Daga ƙarshe na sayar wa masu kayan gyara. Yaya ne ya kawo mai sayen, kuma ana ɗaure ta a bayan motar janwe ya ja ni gefe, ya tuna min da la'adarsa.