Yatsu Uku Tsakanin Taya da Ƙarfe

Ranar Talata, bakwai ga watan Janairun 2025, Malam Kashim ya ƙirga tudun rage gudu ashirin da shida tsakanin ƙofar gidansa a Bulumkutu da gidan yayar matarsa a Dusuman. Cikin motarsa ya karci goma sha tara daga cikinsu. Sau huɗu matarsa, Ya Kellu, ta fito ta taka da ƙafa domin motar ta yi sauƙin hayewa, tana dafe da ƙugu, masu keke napep suna danna musu oda daga baya. Malam Kashim tsohon safiyo ne, ya shekara talatin da biyar yana auna filaye da hanyoyi, saboda haka ƙirga irin wannan ba ta kuɓuce masa ko da bai yi niyya ba.

Motar baƙa ce, ƙirar Jamus, mai ƙofa biyu da silinda shida, irin wadda ake yi domin gudu. Ba tasa ba ce tun asali. Ta ɗansa ce Tahir, wanda ake kira Babagana a gida saboda sunan kakansa ya ci. Tahir ya saye ta a shekarar 2012. A watan Agustan shekarar da ta biyo, shi da abokinsa Yoila bakanike suka cire mata sifirin da shokazoba na asali, wato ƙarafan da ke ɗauke da nauyinta a kan tayoyi, suka ɗaura gajeru masu tauri, har ta kwanta a kan titi, ba ta rangaji ko a kwana mai tsanani. Ya ce da ubansa a ranar, yana nuna masa da hannu, tsakanin taya da ƙarfen da ke bisanta yatsu uku ne cif, kuma haka ya kamata mota mai daraja ta zauna.

Ranar Litinin, sha bakwai ga Fabrairun 2014, aka kira Tahir gyaran janareta a wani gari na arewacin jihar. Shekarun rikici ne, hanyar kuma duk ramuka. Ya dubi motarsa, ya ce ba za ta iya ba, ya rataye makullin a ƙusar da ke bayan ƙofar falo, ya tafi tasha ya hau motar haya. Motar hayar ba ta isa garin ba, ba kuma wanda ya zo da labarin da za a kama. 'Yan uwa sun sha kawo maganar a yi masa sallah da sadaka, Malam Kashim ya ce bai ga gawa ba. Bayan wata uku ya sauke makullin daga ƙusa, domin motar da ba a tayarwa lalacewa take yi. Tun daga nan da ita yake zuwa masallacin Juma'a, da kasuwa, da asibiti, da ta'aziyya. Yana canja mata baƙin mai a kan lokaci, ya canja tayoyi sau uku. Ƙarƙashinta kuwa bai yarda kowa ya kwance ko noti ɗaya ba. Yana so ran da yaron ya dawo ya durƙusa, ya sa hannu, ya sami yatsunsa uku yadda ya bar su.

Ambaliyar watan Satumbar 2024 ta ƙara ɓata hanyoyin gabashin gari, a daidai lokacin da ciwo ya kwantar da Ya Mu'mina, yayar Ya Kellu, wadda ita ta raine ta bayan rasuwar mahaifiyarsu. Zuwa Dusuman ya zama dole sau biyu a mako. Malam Kashim ya nemi dabarar da za ta ɗaga motar ba tare da an cire komai ba. Wani bakanike na bakin titi ya yanka masa tsohuwar taya gunduwa-gunduwa, ya cusa tsakanin zoben sifirin. Motar ta ɗagu da yatsa guda, amma ta koma kamar amalanke, duk ramin da ta faɗa sai an ji shi a ƙashin baya. A dawowa ɗaya daga cikin robobin ta fice a wajen unguwar Muna, motar ta karkace. Ya Kellu ta yi kwana uku ba ta iya ruku'u ba.

A yammacin wannan Talatar, bayan la'asar, ya tarar da ita kwance a tabarma a inuwar baranda, ta sa matashi a ƙarƙashin gwiwoyinta.

Ta ce, "Malam, ranar Asabar keke zan hau."

"Keke? Ga mota a gida?"

"Keke ba ya sauke ni in ɗauke masa nauyina a ƙafa. Yau wani yaro ya tambaye ni ko ni ce kwandasta."

Ya zauna a kujerarsa. Ya ce zai ƙara rage gudu, zai bi ta wata hanyar, ya san inda tudun ba su da tsayi. Ta bar shi ya gama lissafa hanyoyinsa, sannan ta juyo da fuskarta gare shi.

"Bayan nawa ba shi ne babban abin ba. Ka san dakalin simintin nan na bakin ƙofa, wanda ka sa aka yi don tare ruwan sama? Duk ran da Babagana zai shigo, cikin motar nan sai ya karce shi. Da wannan ƙarar nake sanin ya dawo, in tashi in ɗora masa shayi. Har yau tana yin ta. Kullum. Ina ɗaki, ko ina tsince wake, sai in ji ta, kafin hankalina ya ce mini kai ne, na riga na ɗaga kai. Shekara goma ina ɗaga kai, Malam. Na gaji."

Malam Kashim ya buɗe baki zai gyara mata lissafi, domin shekara goma ne da wata goma da kwana ashirin da ɗaya, sai ya rufe. Bai taɓa sanin tana jin ƙarar ba. Shi daga cikin motar yake jin ta, kuma a wurinsa sallama ce da yaron ya bari a bakin ƙofa.

Kwana biyu suka wuce. Ran Alhamis da hantsi ya tuƙa zuwa garejin Yoila, wanda yake ƙarƙashin wasu manyan darbejiya a ƙarshen unguwa. Rabonsa da wurin tun shekarar da abin ya faru. Yoila mutumin kudancin Borno ne, sun yi makarantar koyon sana'a tare da Tahir, yanzu ya yi ƙiba, furfura ta fara fito masa a gemu. Ya fito daga ƙarƙashin wata mota yana goge hannu da tsumma, yana gaishe shi da yaren garin.

"Wushe, Baba, wushe! Tun daga kwanar can na ji ku. Ita kaɗai ce motar da ke share titin Bulumkutu ba a biya ta."

"Bakinka bai tsufa ba, Yoila."

"Ya Mama da jiki?"

"Saboda ita na zo. Ina so ka ɗaga ta kaɗan. Amma kada ka cire abin da ya ɗaura."

Yoila ya zagaya motar sau ɗaya. Ya sa jak, ya cire tayar gaba, ya haska ciki da fitilar wayarsa. Ya zaro guntun robar taya da ya rage, ya ɗaga shi sama da yatsu biyu kamar mushen ɓera.

"Wane maƙiyin Allah ne ya yi wannan?"

"Ni na sa shi."

"To Allah ya yafe muku, Baba." Ya jefar da shi. "Ku matso ku gani. Kun ga wannan baƙin da ya daskare a jikin shokazoba? Mansa ne, ya zube tun tuni. Ku danna nan." Malam Kashim ya danna gefen motar da tafin hannu, ta yi ƙasa, ta yi sama, ta sake yin ƙasa tana kaɗawa. "Lafiyayye sau ɗaya yake dawowa ya tsaya. Robobin hannun taya duk sun tsage. Abin da muka ɗaura ya gama aikinsa aƙalla shekara biyar da suka wuce. Wallahi da Tahir zai ga wannan, ni zai fara zagi. Mutumin da ko ƙarar tsinke ya ji a mota sai ya hana ni cin abinci."

Malam Kashim ya tsaya yana duban ƙarfen da ya yi tsatsa. Akwai tambayar da ya daɗe yana ɗauke da ita, bai taɓa furta ta ko ga matarsa ba, ita ce kuma ta hana shi zuwa wannan garejin.

"Yoila, da ba ku sauke ta ƙasa ba, da ita zai tafi ran nan?"

Yoila ya ajiye sifana a hankali. "Ban sani ba, Baba. Da hannuna na ɗaure notin nan. Ba makon da ba na yi wa kaina wannan tambayar. Wata rana in ce da ya tafi da ita da ya tsere wa masu tare hanya, wata rana in ce da motar ce za ta fara ja masa ido. Ban sani ba."

Can Yoila ya ce, "Ba zan yanka komai ba. Zan kwance su ɗaya bayan ɗaya, in wanke, in shafa giris, in ba ku ku ajiye. In ya dawo yana son ta a ƙasa, mu sayi sabon shokazoba, mu mayar da sifirinsa. Aikin rabin yini ne."

"Rabin yini?"

"In bai tsaya yana koya mini aikina ba."

Malam Kashim ya gyaɗa kai.

Sai da aka yi mako biyu kafin kayan su iso daga Kano: sifirin masu tsawo waɗanda ake iya ɗagawa ko saukewa da zoben ƙarfe, da shokazoba masu laushi a ƙananan ramuka amma masu riƙe mota a kwana, da sababbin robobi. Ranar Alhamis, ashirin da uku ga wata, Yoila ya ɗaura su tun da safe. Malam Kashim ya zo da tsohon tef ɗinsa na awo a aljihu. Da azahar aka sauke motar daga jak, ya ciro tef ɗin zai durƙusa, Yoila ya tare shi.

"Ba yanzu ba, Baba. Ni ba na auna tsayin mota babu kowa a ciki. Mota da nauyin masu ita take zama. Wancan karon Tahir ne ya zauna a kujerar direba, shi kaɗai, na yi ta juya zobe har ya ce ya isa. Yanzu su wa za su zauna?"

Malam Kashim ya mayar da tef ɗin aljihu. Sannan ya ce, "Ni da ita."

"To sai a ɗauko Mama."

Ya Kellu ta zo a keke napep, lulluɓe da lafaya ruwan toka. Yoila ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, ta kira shi ɗanta, ta yi masa faɗan ya daina zuwa gida ko da Sallah. Ya ce kunya ce, ta ce ƙarya ce, tsoron a sa shi gyaran famfo ne. Aka shimfiɗa mata kwali a kan ƙasa mai baƙin mai, ta taka ta shiga. Malam Kashim ya zauna a gefenta, ya kama sitiyari. Suna jin Yoila yana zagaya motar, ya juya zobe a wannan ƙafa, ya girgiza ta, ya koma waccan. Motar tana tashi da su sannu a hankali, kaɗan-kaɗan, har Malam Kashim ya ga bakin katangar garejin da bai taɓa hangowa daga wannan kujera ba.

Yoila ya leƙo ta taga. "Yatsu biyar, Baba, gaba da baya. Ɓangaren Mama na ƙara juyi ɗaya."

"Kana nufin na fi shi nauyi?" in ji Ya Kellu.

"Nauyin daraja, Mama."

Malam Kashim bai fito da tef ɗin ba. Suka ɗauki hanyar gida. A miƙaƙƙen titin da babu kowa ya ɗan taka totur, injin ya amsa da muryarsa ta da, motar ta shiga kwana ba ta rangaya ba. Da suka iso ƙofar gida, hannunsa ya yi abin da ya saba: ya rage gudu, ya karkatar da kan motar, ya ɗora taya ɗaya a kan dakalin, ya jira. Tayar gaba ta haye, ta baya ta biyo. Ba abin da ya taɓa siminti. Ya kashe injin, ya zauna riƙe da makulli, yana sauraron abin da bai zo ba. Ya Kellu ta dafa hannunsa sau ɗaya, ta buɗe ƙofarta ta fita.

Washegari da ya dawo daga sallar Juma'a ya shigo da motar, ya hange ta a baranda da faifan wake a cinya. Ba ta ɗaga kai ba sai da ya yi sallama.

Ranar Asabar, ashirin da biyar ga Janairu, suka je Dusuman. Tudu ashirin da shida ne har yanzu, motar ba ta karci ko ɗaya ba, Ya Kellu kuma ba ta sauka ba sai a ƙofar yayarta. Ta je wurin Ya Mu'mina sau ashirin da biyu bayan wannan, tana kuma tare da ita ranar da ta rasu a watan Afrilu. Gajerun sifirin guda huɗu suna cikin buhu a ƙarƙashin gadon Tahir, Malam Kashim yana sabunta musu giris a farkon kowace damina.