Layin Tela a Jikin Tocila

"Ba nan ba, ta wajen kan gadon," in ji matar Mai Agogo.

Tela yana durƙushe, gwiwoyinsa na ƙara kamar tsohuwar ƙofa, yana laluben ƙwayar maganin da ta gangara. Mai Agogo, maƙwabcin shagonsa na shekara goma sha tara, ya zura hannu ƙarƙashin matashi da ƙyar, ya miƙo masa 'yar tocilarsa ta aljihu.

Tela ya karɓa kamar an miƙo masa garwashi.

Shekara shida ke nan da sayenta. Ran da aka kawo ta, Mai Agogo ya ce fentinta na tangaran ne, gasa shi aka yi a jikin ƙarfen, ba ya ɓarewa. Tela ya ce fenti dai fenti ne, wata uku ya ba ta. Ta yi shekara biyu a aljihu ɗaya da makullai da sukudireba, ko ƙwarzane babu. Kullum da safe sai an nuna masa ita. Rannan da Mai Agogo ya fita ya bar ta kan tebur, Tela, da furfurarsa da komai, ya ja mata tsinin almakashi. Washegari ya yi ta shelar nasara.

Ya samo ƙwayar. Matar ta fita ɗebo ruwa. Likita ya riga ya ce a mai da Mai Agogo gida, kowa kuma ya gane abin da ake nufi.

"Mai Agogo, akwai maganar da ke cina."

"Wandona da ka rage wa tsawo?"

"Layin nan na jikin tocila. Ni ne. Ka yafe mini."

Mai Agogo ya yi wata dariya da ta ƙare da tari.

"Makulli na yin layi miƙe haka? Kai ko ɓarna za ka yi sai ka yi ta kamar ka aza rula. Tun ranar na gane."

"Shi ne ka bar ni shekara huɗu ina cika baki?"

"Fentin bai ji komai ba. Ƙarfen almakashinka ne ya shafu a kai. Da tsumma da ɗan mai zai fita."

Tela ya tuna yadda ya kai almakashin washi a makon, yana ta zagin maƙerinsa.

"To me ya hana ka gogewa?"

"In na goge, me zai riƙa kawo ka shagona da safe?" Ya lumshe ido. "Na yafe. Tashi, gwiwarka ta ishe ni da kuka."

Mai Agogo ya cika bayan kwana biyu, da hantsi.

Da aka share makoki, matar ta kawo tocilar shago da kanta, ta ce marigayin ne ya ce a ba Tela. Tela ya ɗauko ƙyalle, ya ɗiga masa man keke, ya daɗe riƙe da shi. Can ya goge kan kekensa da ƙyallen, ya ajiye tocilar kusa da almakashi, layin yana kallon sama.